Halin da Dawa ke Shiga Idan Ruwa ya Ɗauke

Duk wanda ya ga farin 1973 ko na 1984 a ƙasar Hausa ya san yadda ganyen dawa ke nannaɗewa da tsakar rana. Mai kallo sai ya zaci mutuwa take yi, alhali kuwa tsimin ruwa take yi.

A jikin kowane ganye akwai ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Ta nan shuka ke shaƙar iskar da take haɗawa da ruwa da hasken rana ta sami sukari, watau abincinta. Ta nan kuma ruwan jikinta ke fita. To, idan ƙasa ta bushe, sai wani sinadari da masana ke kira ABA ya yawaita a jikinta, ya sa ƙofofin nan su rufe. Ruwa ya tsira ke nan, amma abinci ya ragu, domin kuwa iska ta daina shiga. Shi ya sa girma ke tsayawa. Sa'an nan takan tara sukari da waɗansu sinadarai cikin ƙwayoyin jikinta don su riƙe ɗan ruwan da ya saura, saiwa kuwa ta yi ta nutsawa neman laima. Da haka dawa ke daurewa har ruwa ya komo. Amma in fari ya same ta tana da ciki, ko tana fid da kai, zangarniya ba ta cika.

Akwai kuma abin da ya wajaba makiyayi ya sani. Ƙaramar dawa da gyauronta suna ɗauke da wani sinadari wanda fari ke ƙara masa yawa. In saniya ko tunkiya ta ci, sai ya rikiɗe a tumbinta ya zama gubar sayanayid, wadda ke hana jiki amfani da iskar numfashi. Dabba na iya faɗuwa ta mutu kafin mai ita ya ankara. Sabon tohon da ke fitowa bayan ruwa ya komo shi ya fi haɗari.

Saboda haka kada a bar dabbobi su ci dawar da ba ta wuce gwiwa ba, ko wadda fari ya tsumburar. Wadda aka yanka kuwa a shanya ta sai ta bushe sarai, gama bushewa na rage gubar. Dabba amana ce a hannun mai ita, rigakafi kuwa ya fi magani. Allah ya kawo damina mai albarka.