Kwandalar Tunawa da Yaƙi: Wa Aka Tuna?

A 1995 Ingila ta buga kwandalar fam biyu mai hoton kurciya, don cika shekara 50 da ƙarewar Yaƙin Duniya na Biyu. A 2005 ta sake buga wata, da hoton cocin St Paul na Landan. Ni dai abin da nake so mu lura, 'yan'uwa ɗalibai, mai buga kwandala shi ke zaɓen wanda za a tuna. Kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 sun yi yaƙin Bama, amma babu su a jikin kwandalolin nan biyu. Tasu shaidar lambar tagulla ce mai tsini shida, Burma Star. In mun koma hutu, mu 'yan Kafin Hausa da sauranku, a duba adakar tsofaffi kafin 'yan gwangwan su auna ta a kilo.