Sharar Gari da Kuɗin Jama'a: Darasi Daga Awe

Cikin darussan da za mu koyar sa'ad da muka fita aiki akwai Kiwon Lafiya, akwai kuma Zaman Ɗan Ƙasa. Galibi a kan raba su, ko wane da ranarsa, alhali kuwa akwai inda su ke haɗuwa, watau a bakin juji. Yaron da aka koya masa cewa ƙuda na kawo cuta, amma ba a gaya masa wanda ya wajaba ya kwashe jujin da ƙudan ke hayayyafa a ciki ba, rabin ilmi aka ba shi. Domin haka na shirya wannan darasi, na ɗauki ƙasar Awe misali, don 'yan'uwana masu koyon aikin malanta su gwada shi da nasu garuruwa.

Ƙasar Awe

Awe tana kudu maso gabas da Lafia, cikin kwarin Binuwai. Tun zamanin da an san ta da gishiri, ita da Keana da Azara. Mata ne ke aikin. Da rani su kan tara ƙasa mai gishiri, su zuba cikin tukwane masu huda, su tace, sa'an nan su dafa ruwan har ya ƙafe. A zamanin Turawa ƙasar tana cikin Lardin Binuwai. Ta shiga Jihar Binuwai-Filato a 1967, da Jihar Filato a 1976, kana Jihar Nasarawa ran 1 ga Oktoba 1996, inda ta ke ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 13. Ƙidayar 2006 ta sami mutum 112,574 a cikinta. Tana da mazaɓu goma, cikinsu har da Azara, da Tunga, da Wuse, da Ribi, da Akiri, ko wace kuwa da kansilanta.

Ku lura, garin da ke yin abin da a ke zubawa cikin miya ya fi ko wane gari bukatar tsabta. Abin da aka watsar a bayan gida da rani, ruwan damina ya kan kwashe shi zuwa gangare, ba ya kuwa tambayar ko wurin rijiya ne ko wurin gishiri.

Abin da juji ke haifarwa

Ƙuda ya kan tashi daga ƙazanta ya sauka bisa abinci. Sauro ya kan yi ƙwai cikin ruwan da ya kwanta a gwangwani ko lambatun da ya toshe, cikin kwana goma ko ƙasa da haka ya zama mai cizo. Ɓera kuma juji ne kasuwarsa, shi ne kuwa ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Barno. A 1854 wani likita a Landan, John Snow, ya bi gida gida yana rubuta inda amai da gudawa ya kashe mutane, sai ya ga galibinsu famfo guda su ke sha. Da ya nuna wa hukumar unguwar, aka cire hannun famfon. Makaminsa ƙirga ne da rubutu, ku riƙe wannan, gama za mu komo kansa.

Aikin wane ne?

A zamanin En'e akwai duba-gari. Su kan shiga gida su leƙa randa, su duba masai da kwata, wanda aka samu da ƙazanta a ci shi tara. Tsofaffi har yanzu suna ba da labarin tsoron da a ke musu. Amma a wancan tsari hukuma ce kaɗai ke duba talaka.

Gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi iri ɗaya a ƙasa duka, yau guda 774 ne. Tsarin Mulki na 1999, cikin Jadawali na Huɗu, ya lissafa ayyukansu. A ciki akwai kasuwanni, da tashoshin mota, da mayanka, da makewayin jama'a, da magudanan ruwa, da kwashe shara. Ashe kwashe jujin kasuwa ba alheri ba ne da shugaban ƙaramar hukuma ke yi wa mutane in ya ga dama. Bashi ne doka ta ɗora masa. Yanzu talaka ma yana da ikon duba hukuma, ta bakin kansilan da ya zaɓa.

Inda kuɗin ke fitowa

Ƙaramar hukuma tana da hanyoyin samu uku. Ta fari, kason Asusun Tarayya, inda ƙananan hukumomi duka ke raba kashi 20.60 cikin ɗari. Ta biyu, abin da jiha ke ba ta daga harajin da ta tara. Ta uku, abin da ita kanta ke karɓa, kamar kuɗin rumfar kasuwa, da na tasha, da na mayanka. Mai sayar da doya da aka yanka wa rasit ranar kasuwa ta riga ta biya ladan shara.

Shekaru da yawa kason tarayya ya kan bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne kaɗai za su riƙe su. Cika wannan hukunci ya ja lokaci. Ko ta wace hanya kuɗin ya zo dai, kadan babu mai bin sawunsa, juji yana nan inda ya ke.

Yadda majalisa ke bincike

Tun 1991 aka raba aikin ƙaramar hukuma biyu: shugaba da mataimakansa su zartar, kansiloli kuwa su zauna majalisa su yi dokoki, su yarda da kasafin kuɗi, su bi sawun abin da aka kashe. Wannan na ƙarshe shi ne a kan manta. Kansila mai sanin aikinsa yana da tambayoyi huɗu.

Ɗaya, nawa aka ware domin tsabtar gari bana, nawa kuma aka fitar? Abin da aka rubuta cikin kasafi dabam, abin da ma'aji ya biya dabam.

Biyu, wa aka ba aikin, bisa wane sharaɗi? Kadan ɗan kwangila ne, sai a kawo takardar a karanta: jujin ina da ina, sau nawa a mako, a kai shi ina.

Uku, me aka yi? A kawo littafin da a ke rubuta ko wane sawun mota, da sunayen masu shara da a ke biya. A kira su kuma a gan su, domin suna a takarda ba ya riƙe tsintsiya.

Huɗu, wa ya gani da idonsa? Wannan ita ce uwar tambayoyin. Kansilan Azara ya taka da ƙafarsa kashegarin kasuwa ya duba, na Tunga ma haka, su komo su faɗi abin da suka gani a rubuta cikin littafin majalisa. Da haka ba za a share hedkwata kaɗai a bar ƙauyuka ba.

Bayan wannan akwai babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi na jiha, wanda ke duba littattafansu. Akwai kuma dokar 'yancin samun bayani ta 2011, wadda ta ce hukumar da aka nemi bayani wurinta a rubuce ta amsa cikin kwana bakwai. Tambaya ba rashin kunya ba ce. Ma'aikacin kirki ya kan yi murna da ita, gama ita ke raba shi da maras gaskiya.

Sayen kaya da hankali

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ga lissafin da za ku iya ba 'yan aji biyar, farashin na misali ne kawai. A ce baro na farko Naira 30,000 ne, shekara guda ya karye, ba ya gyaruwa. Na biyu mai walda na gari ya ƙera shi a Naira 50,000, yana shekara uku, gyaransa duka Naira 10,000. Cikin shekara uku na farko ya ci 90,000, na biyu 60,000. Ga rarar 30,000, ga kuma kuɗin ya tsaya a gari.

Saboda haka kafin majalisa ta yarda a sayi abu, ta tambaya: zai daɗe? Akwai mai gyaransa nan kusa? In ya ƙare ina za a kai shi? Babbar motar shara wadda sai an je nesa neman kayan gyaranta ta kan zama juji ita ma, alhali amalanke goma da shebur da manjagara suna aiki kullum. A kuma yi saye a fili, a ji farashin mutum uku ko fi. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta ɗora wa ofisoshin tarayya gasa a fili, hikimarta kuwa ta isa ko wace majalisa ta ɗauka.

Tun da daɗewa manoman kewayen Kano su kan shiga birni da jakuna su kwashi shara cikin mangala su kai gona, domin toka ce da kashin dabbobi da ɓawo. Leda ce ta ɓata wannan ciniki: ba ta ruɓa, tana toshe lambatu, akuyar da ta haɗiye ta kuwa ta kan rame har ta mutu. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017. Ko ba a kai ga haka ba, a iya raba shara uku: mai ruɓa ta tafi gona, ƙarfe da roba a sayar wa 'yan gwangwani, saura a binne nesa da rijiya.

Gudummawar jama'a

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna da gayya da adashi tun kaka da kakanni. Ranar tsabtar gari ta Asabar ɗin ƙarshen wata kuwa ta samo asali daga yaƙi da rashin ɗa'a wanda gwamnatin Janar Buhari ta soma a 1984. Amma sau da yawa mutane su kan yashe lambatu su tara datti a bakin hanya, mota ba ta zo ba, ruwan sama ya mai da shi ciki. Maganin wannan a yi yarjejeniya a rubuce: unguwa ta tara, hukuma ta kwashe a ranar.

In unguwa za ta yi karo-karo, mai karɓa dabam, mai ajiya dabam, mai rubutu dabam. Ko wane kwabo da rasit, a kuma karanta lissafi gaban jama'a a ƙofar mai unguwa ko wane wata. A sa mata cikin kwamitin, tun da su ke share gida, su ne kuma masu gishiri. A birnin Porto Alegre na Barazil, daga 1989, mutanen unguwanni suka riƙa taruwa suna zaɓen ayyukan da za a fara kashe wa kuɗin gari. Ba abin da zai hana kansila ya tara mutanensa haka kafin a rubuta kasafi. Sai dai karo-karo ƙari ne, bai sauke wa hukuma nauyinta ba.

Yadda za a koyar

Ka nemi izinin hedimasta da mai unguwa tukuna. Ka fita da yara su zana taswirar unguwa, su sa alama a ko wane juji, da rijiya, da lambatun da ya toshe, su auna taku nawa ne tsakanin juji da rijiya. Kada su taɓa kome, su wanke hannu da sabulu in an komo. Bayan mako huɗu a sake zagayawa a gwada. Sa'an nan aji ya rubuta wa kansila wasiƙa cikin ladabi, a faɗi abin da aka ƙirga kaɗai, ba zargin kowa, a gayyace shi ya zo ya yi musu bayani. Wannan aikin John Snow ne, yaron aji shida kuwa zai iya shi.

Tambayoyi

1. Faɗi ayyuka biyar da Tsarin Mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma.
2. Ta waɗanne hanyoyi uku ta ke samun kuɗi?
3. Don me tambaya ta huɗu ta fi sauran ƙarfi?
4. Sake lissafin baro, a ce na biyu shekara biyu kaɗai ya yi. Wanne ya fi araha?
5. Wane ne kansilan mazaɓarku, yaushe kuma ya tara ku na ƙarshe?