Akalar Hira Tana Hannun Mai Tambaya

A tsakanin masu jin Hausa na Kasuwar Kilomita Biyar da ke Bangui, ana yawan cewa duk jarumin Kannywood da ya yi suɓutar baki a shiri irin Daga Bakin Mai Ita na BBC Hausa, to yanka maganarsa aka yi aka liƙa, kuma zargin da ake yi ke nan idan ɗan unguwa ya yi magana a Rediyo Ndeke Luka ko a talabijin ɗin gwamnati, maganar ta dawo ta zame masa abin kunya. Galibin wannan zance ba shi da tushe, domin ƙwararren mai gabatarwa ba ya buƙatar almakashi, tunda shi ke zaɓen batu, shi ke ba da damar magana, shi kuma ke katse ta.

Makamin da ya fi yi wa baƙo illa shi ne taƙaita zance, wato mai gabatarwa ya ɗauki doguwar amsa ya dunƙule ta cikin jimla guda wadda ta fi ta asali kaifi, sannan ya miƙa ta da cewa "wato kana nufin". Steven Clayman da John Heritage sun yi nazarin irin waɗannan dabaru a littafinsu na 2002 kan hirar 'yan jarida. Da zarar baƙo ya ce "haka ne", ko ya gyaɗa kai don ladabi, jimlar ta zama tasa har abada, kuma ita za a yaɗa a Facebook. Kunya da kara, waɗanda suke ado a zaure, su ne ke kayar da mutum a nan. Haɗarin yana ninkuwa idan ana hirar da Faransanci ko Sango, alhali baƙon da Hausa yake tunani.

Abin takaici ne cewa tun rikicin da aka yi a Bangui a 2013 'yan jarida suke zarya a unguwar Kilomita Biyar, amma har yanzu akan tura mai magana saboda shekarunsa ko girman shagonsa, ba tare da an zauna an shirya shi ba. Wajibi ne wanda za a tura ya nemi sanin batun da harshen hirar tun kafin ranar, ya naɗi hirar a wayarsa, sannan duk lokacin da aka taƙaita masa zance, ya ce "a'a, ga abin da na faɗa", ya sake faɗinsa da kalmominsa, ko da sau uku ne.