Filin Shawara: Maigida Na Son Mu Koma Zaman Jirgi Da Yara

Gwaggo, ni matar masunci ce, muna zaune a wani ƙauye kusa da Turawa, a bakin dam ɗin Challawa. 'Ya'yanmu uku. Babbar tana aji huɗu a firamare, mai bi mata yana aji biyu, ƙaramin bai cika shekara uku ba, kuma ina ɗauke da ciki wata biyar. Kowace shekara in an gama kaka maigida yakan tafi su a wani ruwan, ba ma ganinsa sai damina ta kawo kai. Bana ya ce ya gaji da zaman gwauro a tunga. Ya sayi babban kwale-kwale mai inji, ya yi masa rumfa da tamfol, ya ce a mota za a ɗauke shi zuwa Yawuri, mu bi shi gaba ɗayanmu, mu riƙa tashi daga tunga zuwa tunga, inda dare ya yi mana mu kwana a jirgi ko a bukka. Shi ya kamo, ni in yi banda. Abokansa wasu na cewa Tiga, wasu Yawuri, wani ma ya ce Baga ta fi ko'ina kifi. Gwaggo, ba ƙin bin mijina nake yi ba, kuma gaskiya ina tsoron in na ƙi ya dawo mini da abokiyar zama daga can. Amma yaran nake ji. Wane wuri ne ya dace da mai iyali? Don Allah a sakaya sunana.

'Yata, Allah Ya sauke ki lafiya, Ya raya miki zuri'a.

Bari in fara da yi wa mijinki adalci. Namijin da ya ce ya gaji da rabuwa da iyalinsa wata biyar ko shida a shekara, ba mugun miji ba ne. Kuma lissafinsa na neman kuɗi daidai ne: ɗanyen kifi a bakin ruwa sai yadda dillali ya ga dama ya taya, don ya san in rana ta yi zai lalace, amma kifin banda yana iya jiran ranar kasuwa. Zaman iyali a jirgi ma ba shi ya fara ba. A ƙasar Mali, masuntan Bozo na yankin Mopti sun daɗe suna bin kogin Kwara da mata da yara da tukwane da kaji a cikin manyan jirage. Sai dai su an haife su a kan ruwan ne, yaronsu kusan tare yake koyon tafiya da iyo. Naku yaran a tudu suka tashi, ko da kuwa suna hango ruwa daga ƙofar gida.

Abokan mijinki da yawan kifi suke auna wuri. Ke ba ma'auninki ke nan ba. Duk tungar da aka ambata miki, tambayarki ta farko ita ce: in naƙuda ta tashi da tsakar dare, ko zazzaɓi ya sa ƙaramin nan ya fara jijjiga, minti nawa ne zuwa asibiti, kuma ta tudu ake zuwa ko sai an ƙetare ruwa? Wurin da sai an shiga jirgi kafin a kai ga nas, ba wurin mai ciki ba ne, ko da kifinsa da hannu ake ɗiba. Daga nan ki tambayi ruwan sha, akwai rijiya ko burtsatse, ko kuwa daga inda ake wanki da wanka ake ɗiba a sha. Sannan makaranta, sannan kwanciyar hankalin yankin. Kifi shi ne na ƙarshe.

In kin auna da wannan, Baga ta fita tun kafin a zauna. Gaskiya ne kifin tafkin Chadi ya shahara, kuma kasuwar Doron Baga ta ciyar da Hausawa da yawa. Amma tun harin da Boko Haram ta kai Baga a watan Janairun 2015 yankin bai koma yadda yake ba. Har yanzu ana samun labarin kashe masunta a tsibiran tafkin, kuma masu ɗauke da makamai na karɓar haraji a hannun masu su. Ko shi kaɗai zai je ban ba da goyon baya ba, balle da yara uku da ciki.

Yawuri ita ce mai buƙatar dogon tunani, don tana da abin so. Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar a 1968, ya miƙe fiye da kilomita 100, kuma yana da manyan kifaye irin su giwan ruwa da ba kasafai mijinki zai ci karo da su a gida ba. Garin Yelwa na Yawuri yana da babban asibiti da makarantu da kasuwar kifi mai ci, kuma Hausa ake yi, ba za ki zama baƙuwar harshe ba. Da a ce cikin Yelwa zai kama muku ɗaki, ya riƙa fita da asuba yana dawowa, da maganar ta yi sauƙi. Amma abin da ya tsara shi ne yawo daga tunga zuwa tunga, kuma a nan matsalar take. Wannan ruwa ba irin na Challawa ba ne. Faɗinsa ya isa iska ta tayar da igiyar da za ta kifar da jirgi, musamman a farkon damina in hadari ya haɗo ba shiri, ga kututturan itatuwa da ruwa ya shanye suna nan a ƙasa ba a ganinsu. A watan Mayun 2021 wani jirgi da ya ɗauko mutane fiye da 150 ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, waɗanda suka tsira kaɗan ne. A watan Yunin shekarar kuma 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri. Ban faɗi wannan don in ɓata sunan ƙasar ba, mutane na can suna zaman lafiyarsu suna sana'arsu. Na faɗa ne don tungar da ke nesa da gari ba ta da mai kawo ɗauki da wuri, kuma baƙo ne yake zama na ƙarshe wajen jin cewa yau ba a kwana a wuri kaza.

Tiga ta fi kusa da hankali. Dam ne da aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ya fi Challawa girma, kuma akwai masunta zaunannu a garuruwan bakinsa irin su Rurum. Yana cikin jihar Kano, cikin yini guda mahaifiyarki za ta zo ta gan ki ta koma, kuma in abu ya yi tsanani ana iya kai ki Rano ko birni da mota. In har sai an tafi wani wuri, to nan ne, bisa sharaɗin ɗaki a cikin gari, ba rumfar tamfol a kan ruwa ba.

Amma 'yata, kada ki raina abin da ke ƙofar gidanki. Dam ɗin Challawa da aka gama a 1992 yana ɗaukar ruwa fiye da kubik mita miliyan 900, kuma bangonsa kaɗai ya kusa kilomita 8. Mai jirgi da inji yana iya kaiwa sassan da masu tuƙi da filafili ba sa kaiwa, ya sauke kamunsa a Turawa ko Sakarma, ya kwana a ɗakinsa. Ga Kusalla ma nan kusa da garin Ƙaraye. Na san zai ce kifin ya ragu, masu su sun yi yawa, kuma masu koma mai ƙananan ido suna kwashe 'ya'yan ƙarfasa tun ba su girma ba. Ba ƙarya ya yi ba. Sai dai ku zauna ku yi lissafi da biro: kuɗin motar da za ta kai jirgi Yawuri ta dawo da shi, kuɗin mai, abin da za a ba sarkin ruwan wurin da na lasisi, itacen banda da abinci da za ku riƙa saya alhali a gida kuna da rumbu. Sau da yawa in an cire waɗannan, ribar da ake hange daga nesa takan tsuke.

Maganar yara biyun da ke makaranta ba ta da sassauci a wurina. Lokacin da za ku tafi, daga kaka zuwa faɗuwar ruwa, ya cinye zango biyu cikin uku na shekarar karatu. Yarinyar da ta bar aji huɗu tsawon haka takan dawo ta tarar an wuce ta, kunya ta hana ta zama da ƙannenta a aji, shi ke nan an rasa ta. Hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa da aka kafa a 1989, mai hedikwata a Kaduna, an ɗora mata har da 'ya'yan masunta masu ƙaura, amma kada ki ɗauka za ki tarar da makarantarta a kowace tunga. Su zauna wurin kakarsu, bokonsu da Islamiyyarsu su ci gaba, a kai su ziyara lokacin hutu.

Akwai kuma tsargiya, wadda mutanenmu na bakin ruwa suka saba da ita har wasu ke ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar girman ɗa namiji. Ba girma ba ne, ciwo ne. Ƙwayoyinta daga dodon-koɗin bakin ruwa suke fitowa, su ratsa fata lokacin wanka ko wanki, kuma in aka bar ta shekara da shekaru tana lalata mafitsara da ƙoda. Tana da magani, praziquantel, wanda akan raba wa 'yan makaranta kyauta. Yaron da ke zaune a jirgi kullum cikin ruwan nan yake, kuma ba ya nan ranar rabon maganin. Haɗa da sauro, wanda a wurin mai ciki ba ƙaramin haɗari ba ne, sai ki ga dalilin da ya sa nake cewa bana ki zauna kusa da inda kike awo.

To abin da nake ba ki shawara ke nan. Bana ba za ki je ko'ina ba sai kin haihu kin yi arba'in, an yi wa jariri alluransa na farko. Ki gaya masa haka cikin ladabi, bayan ya ci ya ƙoshi, ba a gaban abokansa ba. Kada ki ce "ba zan bi ka ba", ki ce "zan bi ka baɗi in Allah Ya kai mu, amma ga inda zan iya zama". Matsuguni mai aminci haƙƙinki ne a kansa a shari'a, ba alfarma ba ce. In ya ƙi sauraro, ki sa babban wansa ko limamin unguwarku a maganar. Batun kishiya kuwa, in ya yi niyya zai yi ko kina cikin jirgin, don haka kada tsoron abin da ba a hannunki yake ba ya sa ki jefa ran da ke hannunki cikin haɗari. Ki nemi ya riƙa zuwa gida duk wata, ya kawo kifin ki yi bandarsa a nan ki kai kasuwa. Aurenku zai ji daɗin hakan, aljihunku ma haka.

*

Gwaggo, barka da aiki. Ni saurayi ne daga yankin Rogo, ina su a Tiga, kuma bayan salla za a ɗaura mini aure. Yarinyar 'yar manoma ce, ba ta taɓa shiga kwale-kwale ba. Ina so in tafi da ita, iyayenta suna ɗari-ɗari. Yaya zan shawo kansu?

Ɗana, Allah Ya sanya alheri. Iyayenta ba su yi laifi ba, kuma da baki ba za ka shawo kansu ba. Kama ɗaki a cikin gari mai rijiya da asibiti kusa, ka ɗauki mahaifinta ko wanta ka kai shi ya gani da idonsa. Ka haɗa ta da matan masuntan wurin su koya mata banda, don kada ka fita tun asuba ka bar ta da kaɗaici. Jirgi kuwa, kada ta shiga sai da rigar kariya, kada ta shiga da dare, kada ta shiga wanda aka cika maƙil. Kowa a Kano yana tuna ranar 30 ga Nuwamban 2021, da jirgi ya kife a dam ɗin Watari tsakanin Badau da Bagwai, mutum aƙalla 29 suka rasu, mafi yawansu yara 'yan Islamiyya, kuma lodi fiye da ƙima ne sanadi. Ka sa rigunan kariya biyu a cikin kayan lefe, ɗaya tata ɗaya taka, ka nuna wa iyayenta su kafin ka sake tayar da maganar tafiya.