Darasi: Tsohon Doki Ba Abin Zubarwa Ba Ne

Duk wanda ya taɓa kallon hawan Salla a Haɗeja ya san yadda ake ji da doki muddin yana da ƙarfi. Haka dokin sukuwa yake. Amma gudu yakan ƙare tun yana da shekara 10 ko 12, alhali doki yana iya kai shekara 25 har 30. Ina yake zuwa a sauran shekarun? Mun sani. Da yawa ana kai su kasuwar Maigatari ranar Alhamis, daga nan babbar mota ta kwashe su zuwa kudu, a yanka.

Ba mu kaɗai ke da wannan laifi ba. A Amurka akwai wani doki, Ferdinand, da ya ci babbar sukuwar Kentucky a 1986. Bayan ya tsufa aka yanka shi a Japan a 2002. Labarin ya ba mutane kunya, har a 2003 aka buɗe wata gona a Kentucky, sunanta Old Friends, inda tsofaffin dawakin sukuwa ke zama har su mutu. A Ingila kuwa tun 1886 aka kafa gidan hutawa domin dawakin da ke jan keken haya a London.

Mu a Kafin Hausa ba mu da kuɗin irin wannan gona. Amma ƙungiya mai mutum 20 tana iya riƙon doki ɗaya, kuma ba za ta yi hasara ba. Babban doki yana ba da kashi kusan kilo 15 a rana. A tara shi a rami tare da ragowar ciyawar barga, a bar shi ya ruɓe wata 3 kafin a kai lambu. Ɗanyen kashi yana ƙona shuka, yana kuma ɗauke da irin ciyawa.

Wani abin da ke yawan wahalar da tsohon doki shi ne haƙori. Haƙoransa sun cinye, ba ya iya tauna karan dawa ko busasshiyar tsaba. In mun ga yana zubar da ciyawa dunƙule-dunƙule daga baki, ko tsaba na fita a kashinsa yadda ta shiga, to yunwa yake ji, ko da abinci na gabansa. Sai a jiƙa masa dusa, a sa ɗan kanwa, a ba shi harawar wake ko ta gyaɗa mai laushi, kaɗan-kaɗan, sau 3 ko 4 a rana. Ruwa kuwa kada ya gaza lita 30, da bazara fiye da haka. A cire kaska, a ba da maganin tsutsar ciki yadda malamin dabbobi ya ce.

Kada a kafa turkensa a fadama. Ƙananan ƙwari masu cizo da magariba suna yaɗa ciwon da ke kashe doki cikin 'yan kwanaki, laka kuma tana ruɓar da kofato. Ambaliyar 2022 ta nuna mana inda ruwa ke kaiwa. A yi masa rumfa a tudu sama da nan.

A taron wannan wata, kowace ƙungiya ta tattauna: wa zai ba da fili, kuma dami nawa na harawa kowane mutum zai ajiye bayan kaka?