Darasi na 14: Ƙoda da Ciwonta

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai tsire da yamma, a Legas ne ko Inugu ko Fatakwal, ya san ƙoda, ko da bai san sunanta da Hausa ba. Ita ce 'yar tsokar nan mai duhun ja da ake jerawa kusa da hanta. Kafin mu ci gaba, ku sake duban jimlar farko. Akwai "ƙoda", akwai kuma "ko da". Ta farko kalma ɗaya ce, da ƙ mai lanƙwasa take farawa. Ta biyu kalmomi biyu ne. Na sha ganin ɗalibai sun rubuta "ciwon koda". Bahaushe zai gane nufinsu, amma mai duba jarrabawa ba zai yafe ba. Ƙoda sunan mace ne, shi ya sa muke cewa "ƙoda tana aiki".

Ɗan Adam yana da ƙoda biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu na ƙashin baya, daidai ƙarshen haƙarƙari. Siffarta kamar ta ƙwayar wake ce, girmanta kuwa kamar dunƙulen hannun mai ita. Babban aikinta shi ne tace jini. Kun san yadda ake tace gasara kafin a dama koko: mai kyau ya wuce, dusa ta rage. Ƙoda ma tana raba abin da jiki yake so da abin da ba ya so. A cikin kowace ɗaya akwai 'yan mitsi-mitsin matatai kimanin miliyan ɗaya. A kwana ɗaya suna tace ruwa wajen lita 180 daga cikin jini, su mayar da kusan dukkansa, sai kimanin lita ɗaya da rabi ya fita a matsayin fitsari, ɗauke da datti da gishirin da ya yi yawa. Ban da wannan, ƙoda tana taimakawa wajen daidaita ƙarfin gudun jini, tana kuma fitar da wani sinadari da yake sa ɓargo ya samar da jajayen ƙwayoyin jini. Wannan ne dalilin da ya sa mai ciwon ƙoda yakan yi fama da ƙarancin jini.

Abin da nake so ku riƙe a wannan darasi shi ne, ciwon ƙoda ba ya yin sallama. Haƙori in ya lalace, ba zai bar mutum ya yi barci ba. Ƙoda kuwa tana iya rasa fiye da rabin ƙarfinta mai ita yana ta harkokinsa, bai ji komai ba. Mutane da yawa suna zaton ciwon baya ko na ƙugu shi ne alamarsa. Galibi ba haka ba ne. Alamun gaske sukan zo ne a makare: kumburin ƙafa, kumburin fuska da safe, fitsari mai kumfa, yawan tashi fitsari da dare, kasala, ƙaiƙayin jiki da tashin zuciya.

Na taɓa zama maƙwabcin wani direban babbar mota, ƙaƙƙarfan mutum mai 'ya'ya biyar. Kullum in ya dawo daga tafiya sai ya aiki yaro kemis a sayo masa maganin ciwon jiki. An taɓa gaya masa yana da hawan jini, ya sha magani na wata ɗaya, da ya ji sauƙi sai ya daina. Ranar da takalminsa ya ƙi shiga ƙafarsa saboda kumburi, ranar ya fara zuwa asibiti. Likita ya ce ƙodar duka biyu sun kusa tsayawa. Iyalinsa suka sayar da fili, daga baya suka sayar da motar. Ban manta abin da matarsa ta ce mini ba: "Malam, ai bai taɓa kwanciya ciwo ba." Gaskiya ta faɗa, kuma nan ne haɗarin yake.

Hawan jini da ciwon sukari su ne manyan abubuwan da suke lalata ƙoda a hankali, domin suna ɓata ƙananan jijiyoyin da suke cikin matatan nan. Bayan su akwai yawan shan magungunan kashe zafin ciwo irin su ibuprofen da diclofenac ba tare da izinin likita ba, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da aka zuba a ciki ba, da man bilicin mai ɗauke da sinadarin makuri. Cutar sikila ma tana taɓa ƙoda, haka nan tsargiya, wato fitsarin jinin da yara suke ɗauka wajen wanka a rafi ko kududdufi, idan aka bar ta ba magani.

Akwai kuma lalacewar da takan zo farat ɗaya, cikin 'yan kwanaki. Amai da gudawa mai tsanani, ko zazzaɓin cizon sauro da ya yi ƙamari, ko zubar jini wajen haihuwa, ko guba, duk suna iya jawo ta. Tsakanin ƙarshen shekarar 2008 da farkon 2009 yara fiye da 80 suka mutu a Nijeriya bayan an ba su wani maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda aka gano yana ɗauke da guba mai kashe ƙoda. Irin wannan lalacewa ta gaggawa, in an garzaya asibiti da wuri, sau da yawa ƙodar takan farfaɗo. Wadda ta ɗauki shekaru tana lalacewa kuwa ba ta komawa yadda take, sai dai a rage saurin lalacewar.

To, tun da ciwon ba ya magana, yaya ake gane shi? Ta hanyar gwaji, kuma gwajin farko ba shi da wahala. Za a auna jini da na'urar da ake ɗaura wa a dantse. Idan awon yana kaiwa 140 bisa 90 ko fiye a kai a kai, akwai hawan jini. Za a tsoma wani ɗan tsinken takarda a cikin fitsari don a ga ko furotin yana zurarewa, domin ƙoda mai lafiya ba ta barin sa ya wuce. Za a ɗebi jini a auna wani datti da ake kira kiriyatinin, wanda yake taruwa idan ƙoda ta yi rauni. Wani lokaci kuma a yi hoton ciki. Da waɗannan ne likita yake sanin matakin da ciwon ya kai, daga na 1 zuwa na 5. Mai hawan jini ko ciwon sukari, da wanda aka taɓa yin ciwon ƙoda a gidansu, ya kamata su yi gwajin aƙalla sau ɗaya a shekara.

A matakan farko magani shi ne a shawo kan hawan jini da sukari, a rage gishiri, a bar taba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a rana ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma har da wanda yake cikin dunƙulen ɗanɗanon miya. Mai lafiya ya riƙa shan ruwa isasshe, musamman lokacin zafi. Amma wanda ƙodarsa ta riga ta gaza, likita ne zai faɗa masa iya ruwan da zai sha.

Idan ciwo ya kai mataki na 5, hanya biyu ce ta rage. Ku lura da yadda Hausa ta raɗa musu suna. Ta farko "wankin ƙoda". A gaskiya ba ƙodar ake wankewa ba, jini ne ake bi da shi ta cikin na'ura ta tace shi, ta mayar jiki. Ana so a yi sau uku a mako, kowane zama kimanin awa huɗu, kuma tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin iyalai. Ta biyu "dashen ƙoda". Daga gona aka aro kalmar, inda ake cire ɗan shuka daga wani wuri a dasa shi a wani. Mutum yana iya ba ɗan'uwansa ƙoda ɗaya, ya rayu lafiya da ɗayar. An fara yin nasarar dashe a birnin Boston na Amurka a 1954, tsakanin wasu tagwaye, a Nijeriya kuwa a shekarar 2000, a Asibitin St. Nicholas da ke Legas. Wanda aka yi wa dashe zai riƙa shan magani har ƙarshen ransa don kada jiki ya ƙi baƙuwar ƙodar. Kyauta ake bayar da ƙoda. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta sayar da ita.

Tambayoyi

1. Me ya sa marubucin ya ce ciwon ƙoda ba ya yin sallama?
2. Waɗanne kurakurai biyu direban ya yi?
3. Bayyana bambancin wankin ƙoda da dashen ƙoda a cikin jimla uku.
4. Sanya "ƙoda" da "ko da" a cikin jimla ɗaya ta kanka.

Aiki

Ana bikin Ranar Ƙoda ta Duniya a Alhamis ta biyu ta watan Maris. Rubuta gajeriyar tattaunawa tsakaninka da kawunka mai hawan jini, inda kake lallashin sa cikin ladabi ya je a gwada masa fitsari kafin wannan rana.