Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

Ga mu a filinmu na amsa wasiƙunku. Yau jakar tamu zancen makaranta ne ya cika ta, bari in jawo ta farko.

Wannan daga Funtuwa take, daga wata malamar aji biyar na firamare, ta kuma roƙi a sakaya sunanta. Ta ce yaran ajinta sun haura saba'in. Duk tambayar da ta jefa, biyar ko shida ne na bencin gaba ke ɗaga hannu suna "Anti ni! Anti ni!" Sauran kuwa sai ido. In ta ce "Kun gane?" sai ajin ya ɗauka baki ɗaya, "Mun gane!" Ranar jarrabawa sai ta tarar ashe ba haka ba ne. Tana tambaya yadda za ta san abin da ke damun waɗanda ba sa magana.

Malama, sannu da fama. Da farko dai ki daina sakankancewa da "Mun gane" ɗin nan, amshi ne kawai irin na waƙa. Yaron da aka rena a kan kada ya haɗa ido da babba ba zai miƙe a gaban mutum saba'in ya ce shi bai gane ba. Sai kin buɗe masa wata ƙofar.

Ki sami gwangwanin madarar gari, ki tsaga murfinsa kamar asusu. Ranar Alhamis, saura minti goma a tashi, kowa ya yago 'yar takarda, ban da rubuta suna, ya amsa tambaya biyu: me ya taimake ka a karatun wannan makon, me kuma ya hana ka ganewa? A bar su su rubuta da Hausa, ko da boko ko da ajami. Wanda rubutu bai zauna masa ba ya zo ya raɗa miki in an fita tara. Za ki sha mamaki. Wani zai ce hasken taga na haske allo, ba ya ganin komai daga baya. Wata za ta ce tallar safe ke sa ta makara, kullum sai an gama lissafi take shigowa. Wani ɗan Fulani zai ce in ya yi magana dariyar Hausarsa ake yi. Wani kuma monita ne ya sa shi gaba, kullum sunansa na cikin masu surutu.

Amma fa gwangwanin ba shi ne maganin ba, ranar Litinin ce maganin. Ki tsaya gabansu ki ce, "Na karanta, na ji. Daga yau 'yan baya za su riƙa dawowa gaba mako-mako, wanda kuma ya yi wa wani dariya ni da shi ne." Abin da ya fi ƙarfinki, kamar ƙarancin benci, ki gaya musu gaskiya cewa kin kai wa hedimasta. In yaro ya rubuta sau biyu bai ga an taɓa komai ba, na uku farar takarda zai jefa miki. Kuma don Allah kada ki bi sawun rubutu ki gano mai shi ki hukunta shi. Ranar da kika yi haka, kin rufe bakin ajin gaba ɗaya.

Ga ƙari. Wata masaniyar koyarwa a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna a farkon shekarun 1970 ta ga yawancin malamai daƙiƙa ɗaya kacal suke jira bayan sun yi tambaya. Da aka ja jiran ya kai daƙiƙa uku, sai amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da ba a saba jin muryarsu ba suka fara magana. Ni kaina na zauna benci ɗaya da wani mai in'ina. Ya fi mu duka lissafi, amma kafin ya fizgo kalmar farko an wuce shi, har aka yi masa tambarin daƙiƙi. Ki jefa tambaya, ki ƙirga uku a zuci, sannan ki nuna.

Sai saƙon wani dattijo daga Maraɗi. Ya ce shi fa bai gamsu da wannan sabon salo ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, to ina dalilin tambayar yaro yadda za a koyar da shi? Ba raini za a jawo wa malamai ba?

Baba, Allah ya ƙara girma, karin maganarka gaskiya ce. Sai dai magabatan da suka bar mana ita su suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Malam ya fi yaro sanin inda karatu ya dosa, amma yaron da ke ƙarshen aji shi ya san ko muryar malam na isa wurinsa. Ba a ce a miƙa masa alli da rajista ba. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, Najeriya kuma a 1991, cewa ta yi a sashe na 12 a saurari yaro kan abin da ya shafe shi, a kuma auna maganarsa daidai da shekarunsa da hankalinsa. Hukunci na hannun babba. Likita ma ai sai ya tambayi ina ke ciwo kafin ya rubuta magani, ba kuma wanda ya ce girmansa ya zube.

Ta ƙarshe daga Bauchi, wata ɗaliba 'yar aji biyu na babbar sakandare. Ta ce kunnenta ɗaya ba ya ji sosai, malaminsu kuma yakan yi bayani yana fuskantar allo, ita kuwa sai ta ga bakin mutum take kama zance. Tana jin nauyin faɗa, kada a sa mata suna kurma.

'Yata, ba alfarma kike nema ba. Tun 1994, a taron Salamanka na ƙasar Sifen, gwamnatoci 92 suka amince cewa makaranta ce za ta gyara kanta ta karɓi kowane yaro. A Najeriya kuma akwai dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019. Ki sami malamin bayan an tashi, ke da ƙawarki ɗaya, ki gaishe shi, ki roƙi abu biyu: wurin zama a gaba ta ɓangaren kunnen da ke ji, da kuma ya riƙa juyowa in zai yi bayani. Sau da yawa ba mugunta ba ce, bai sani ba ne. In nauyin ya hana ki, ki rubuta, ko mahaifiyarki ta je ta ga malamar ajinku.

To jama'a, agogo ya ce mu tattara. Malamar Funtuwa, muna jiran wasiƙarki ta biyu, ki gaya mana abin da kika tarar cikin gwangwani da abin da kika yi ranar Litinin.